Wa Ya Tsaya wa Kwamfutar Zulai?

Zuwa ga Babban Manaja,
Kamfanin da ke kawo kwamfutar tafi-da-gidanka mai tambarin agwagwa,
Ta hannun duk wanda ya san inda ofishinsa yake.

Ranka ya daɗe,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan kana lafiya, kai da iyali da dukkan ma'aikatanka. Ya kasuwa, ya haƙuri da jama'a? Allah Ya sa a ce alhamdu lillahi.

Sunana Nafi'u. Ina zaune a Fatakwal, a Trans-Amadi, bayan kara, inda mutanenmu na Arewa ke cinikin shanu da fawa. Ni ba na fawa, ban kuma taɓa sayar da ko akuya ba. Sana'ata tsara katin gayyatar biki da kalandar ango da amarya da sitikar suna. In ka taɓa ganin hoton wani ango a bayan keke a Rumuokoro, ya yi haske fiye da yadda mahaifiyarsa ta san shi, to wataƙila aikina ne.

Da Hausa na rubuto maka, kuma da gangan. Lokacin da kuke so mu saya, da Hausa kuka yi mana talla a rediyo, Hausa mai daɗi kuwa, har da kiɗa. Na tabbata wanda ya fassara muku tallan yana nan da ransa, sai a kira shi ya karanta maka wannan. Ban ambaci sunan kamfaninku ba domin ba tozarta ku na zo yi ba. Mu a nan Mai-agwagwa muke ce wa kwamfutarku, kuma kowa ya gane.

Na farko: abin da ya kamata a yaba

Zan fara da alheri, don kada a ce mai ƙorafi ba ya ganin kirki. Ina da Mai-agwagwa tawa ta kaina, ta yi damina uku a hannuna. Na saye ta ne saboda ita aljihuna ya iya ɗauka, ba don na taɓa jin labarinta ba, amma ba ta kunyata ni ba. Batirinta yana da haƙuri, in aka ɗauke wuta takan raka ni har in gama katin da ke gabana. Ta taɓa suɓucewa daga kan okada a mahaɗar Rumuokoro, ta bugi kwalta, gefenta ya tsage. Na ɗauke ta ina salati, na kunna, ta buɗe ido kamar ba ita ba.

Tana da halinta, ba zan ɓoye ba. Fankarta in ta tashi, matata Rukayya takan leƙo daga kicin ta tambaya ko maƙwabta sun sayi injin markaɗe. Haruffan madannanta sun goge, yanzu da ka nake bugawa. In ka ɗora mata aikin bidiyo sai ta tsaya tunani, ka je ka yi alwala ka dawo ba ta yanke shawara ba. Sifikarta kuwa sai ka kai kunne kamar mai jin gulma. Duk da haka, a kuɗinta, ba ta ci amanata ba. Shi ya sa duk wanda ya tambaye ni nake yabonta da bakina, kuma bakin nan ne ya ja mini abin da zan faɗa maka yanzu.

Na biyu: yadda kalma ɗaya ta ɗaure ni

Ina da suruki, mahaifin Rukayya. Ba zan kama sunansa ba, ka san dalili, ko mai fassara ya gaya maka. Fatoma ne a kara tun kafin a haife ni, wato shi ke sauke baƙin da suka kawo shanu daga Arewa, ya haɗa su da masu saye, ya tsaya tsakani. Autarsa Zulai tana shekarar ƙarshe a makarantar koyon aikin jinya, aka ce sai da kwamfuta za ta rubuta aikin bincikenta na kammalawa. Sai Baba ya aiko a kira ni.

Na je, na tuɓe takalmi tun daga bakin zaure, na durƙusa, na sunkuyar da kai. Akwai dattawa biyu abokansa a zaune. Bayan gaisuwa ya ce, "Malam Nafi'u, an ce kai ka san kan waɗannan na'urori. Wacce za a saya wa yarinyar nan?"

Na ce Mai-agwagwa, ko numfashi ban ja ba.

Ya ce, "To. Wa ya tsaya mata?"

Na ce, "Baba, ai tana da garanti na shekara guda."

Ya ce, "Mene ne garanti?"

Nan na shiga laluben Hausa a kaina. Da na yi shiru na ɗan lokaci da na tsira, amma gaban suruki ba wurin dogon tunani ba ne. Kalmar da ta fara zuwa bakina ita na saki. Na ce, "Lamuni ne, Baba."

Ranka ya daɗe, bari in yi maka bayanin abin da na aikata. A kara, lamuni ba takarda ba ce. Mutum ne, mai suna, mai gida, wanda aka san ƙofar da yake fitowa. In baƙo ya kawo sa, wani ya ce "na tsaya masa," aka saya, sannan san ya faɗi kafin a kai shi mayanka, ba wanda zai bi baƙon zuwa garinsu. Wanda ya tsaya ake nema. Shi zai kawo nasa san a riƙe har a warware magana. A haka Baba ya yi rayuwarsa, kuma a iya sanina ba a taɓa cewa ya tsaya ya zame ba.

Sai ya gyara zama ya ce, "Madalla. Mai lamunin, ina gidansa?"

Na ce, "Kamfani ne, Baba."

Ya ce, "Ka san shi?"

Me kake so in ce? In ce wa surukina, gaban abokansa, na kawo masa wanda ban sani ba? Na tuna tawa da ke gida tana aiki lafiya lau, na ce na san shi. Ya ce, "Shi ke nan. Tunda ka san shi, kai ka tsaya." Dattawa suka ce sun shaida, aka shafa fatiha. Na fito ina murna an nemi shawarata a gidan surukai. Sai da na ba Rukayya labari, ta ajiye ludayi ta yi dariya har da riƙe ciki, sannan na gane ba shawara na bayar ba, kaya na ɗauka.

Na uku: ranar da ta faɗi

An sayi kwamfutar sabuwa fil a kwalinta, da katin garantinku a ciki. Ta yi 'yan watanni tana aiki, Zulai tana lallaɓa ta, ta ɗinka mata riga, ba ta barin kowa ya taɓa. Da damina ta kankama, ana tsakiyar rubutu, fuskar kwamfutar ta yi baƙi. Ɗan hasken gefe yana ƙiftawa, fanka tana juyawa, amma ba komai. Allah Ya taimaka yarinyar tana da wayo, ta adana aikinta a filashi, ko layi ɗaya bai ɓata ba.

Da hantsi na ji sallama. Zulai ce, da kwamfuta naɗe a ɗankwali. Ka san tsakanin mutum da ƙanwar matarsa akwai wasa, ita kuma wannan haifaffiyar Fatakwal ce, bakinta ya fi reza. Ta dire mini ita a kan tebur ta ce, "Yaya Garanti, saniyarka ta faɗi. Baba ya ce a gaishe ka, ya ce ka san yadda ake yi."

Na san yadda ake yi. Na dubi Rukayya ko za ta sa baki. Matar da nake ci da sha da ita ta tashi, ta ɗauko tawa kwamfutar, ta goge ta da gefen zaninta, ta naɗe cajar da kyau, ta miƙa wa ƙanwarta. Har da cewa, "Ki riƙa ɗaga bayanta kaɗan, tana zafi." A gida ɗaya aka raine su, ban ga laifinta ba.

Tun ranar a waya nake tsara kati, ina ƙanƙance ido, angwaye suna fitowa da kalar da Allah Ya yi su. Sunan Yaya Garanti kuwa ya fita daga gida ya shiga kara. Mahauta suna kirana da shi, mai shayi yana kirana da shi, ranar nan wani yaro ya tambaye ni ko Garanti sunan garinmu ne. Ina dariya tare da su, don in ka ɓata rai suna ya zauna ke nan. Amma ba wahalar aiki ko tsokana ce ta sa na rubuto ba. Maganata ce ke ajiye a gaban surukina, kuma ku ne kuka riƙe ta.

Na huɗu: neman gidanku

A bayan katinku kun jera wuraren gyara uku a wannan yanki: Fatakwal, Anacha da Inugu. Na ce abin ya zo da sauƙi.

Na fara da na Fatakwal, a unguwar Rumuokoro, tunda nan ne gida. Na sami lambar shagon daidai, har inuwar agwagwarku tana nan a bango inda aka cire allo. A ciki kuwa firji ne manya, ana sayar da kifi da kaji masu ƙanƙara. Matar da ke wurin ta ce masu kwamfuta sun daɗe da kwashe kayansu, ta tambaye ni ko zan sayi kifi. Na saya, don kada zuwan ya tashi a banza.

Na kira lambar wayar da ke katin. Wata murya mai daɗi ta gaya mini da Turanci cewa kirana yana da muhimmanci a wurinku, sannan aka sa mini kiɗa. Kiɗan ba laifi. Na ji shi har na haddace, Rukayya ma ta fara rera shi in tana wanke-wanke, amma ɗan Adam bai taɓa ɗauka ba.

Sai na hau mota zuwa Anacha. A nan na sami mutum, kuma mutumin kirki, ya ba ni kujera, ya sa aka kawo mini lemo mai sanyi. Da na warware ɗankwali ya ga abin da na kawo, ya ce shi dila ne, sayarwa kawai yake yi, bai san ma an buga shagonsa a katin gyara ba. Ya nuna mini sabon samfurinku, ya ce wannan ba ya lalacewa. Na ce wancan ma haka aka ce. Na sauka wurin wani abokina mai sayar da albasa, ina shiga rumfarsu na ji an ce, "Maraba da Yaya Garanti!" Ashe direbobin tirelar shanu sun riga ni isowa da labari.

Daga nan na wuce Inugu. A Uwani, kusa da kasuwar Kenyatta, a saman wani bene, na sami wurin gyaranku na gaskiya. Ɗaki ne guda, da tebur guda, da wata baiwar Allah mai suna Ifeoma. Ta saurare ni har na gama, abin da ba wanda ya yi tun da na fara yawon nan. Ta kwance kwamfutar a gabana, ta ce babban allon da ke cikinta ne ya mutu, wanda suke kira bod. Sannan ta nuna mini wata 'yar takarda manne a ciki, ba ta kai farce ba, ta ce fara ce a da, yanzu ta koma ja. Ma'anarta danshi ya shiga. Dokar kamfani kuma ta ce garanti ba ya ɗaukar abin da ruwa ya taɓa.

Na rantse mata ko ɗigon shayi bai taɓa zuba a kanta ba. Ta ce ta yarda, don in ruwa aka zubar yana barin shaida, wannan kuwa ba ta ga komai ba. Ta ce iskar Fatakwal kaɗai ta isa ta rina takardar, kuma ba wannan ce ta farko da ta zo mata daga wajenmu a haka ba.

Ranka ya daɗe, a nan ne raina ya ɓaci, kuma zan faɗa maka kai tsaye. Garin da muke, in ka ajiye takalmi a ƙarƙashin gado mako biyu sai ka tarar ya yi furfura. Gishiri yana narkewa a cikin gwangwani da murfinsa. Kun san haka kuka kawo mana kaya, kuka karɓi kuɗinmu, sannan kuka ɓoye ɗan sanda a ciki yana jiran iska ta shiga ya ce mun karya doka. Kuma duk tsuntsayen duniya ba ku ga wanda za ku sa a tambari ba sai agwagwa! Da kaza kuka sa da mun sha jinin jikinmu.

Ifeoma ba ta kore ni ba. Ta rubuta wa hedikwatarku cewa a ganinta laifin ba na mai kaya ba ne, ta nemi a aiko da sabon bod, ta riƙe kwamfutar. Tun kafin Babbar Sallah ake wannan magana, ga shi har layya ta zama kilishi an cinye. Takan kira ni da kanta, da katin wayarta, ta ce, "Malam, har yanzu ba su amsa ba, ka yi haƙuri." Har kunyar kiran nata nake ji, don na san ba ita ta riƙe ba.

Na biyar: amsar da nake ba masu tambaya

Har gobe mutane suna tare ni su ce, "Mai-agwagwar nan, a saya ko kada a saya?" Ga abin da nake ce musu, ka ji shi daga bakina kafin ka ji a wani wuri. Na'urar ba ta da laifi a kuɗinta. Ɗalibi da mai ƙaramin shago za su ci moriyarta, in sun yi dace irin nawa. Amma in ba ka yi dace ba, babu kowa a bayanta sai mace ɗaya a saman bene a Uwani, ita ma ba a ba ta kayan aiki ba. Wasu suna jin haka su saya, wasu su ce bari su ƙara tari. Ni dai na daina cewa lamuni.

Abin da nake roƙo

Ɗaya, a aika wa Ifeoma bod ɗin nan, ko a musanya wa Zulai kwamfutarta. Shekarar garantin tana tafiya, kada a ja mu har ta cika sannan a ce lokaci ya wuce.

Biyu, a gyara katin. A cire shagon kifi, a cire dilan Anacha, ko kuma a ba shi mai gyara. Wayar nan kuma a sa mutum kusa da ita.

Uku, a raba tsakanin ruwan da aka zubar da danshin da Allah Ya saukar. In ba za ku iya ba, ku rubuta a jikin kwali da manyan baƙaƙe cewa garantinku ba ya aiki a garin da ake ruwa, kowa ya sayi abinsa ido buɗe.

Huɗu, ku riƙe Ifeoma da kyau. Ban san albashinta ba, amma ko nawa ne a ƙara.

Biyar, ku ba ni sunan mutum ɗaya. Ba sashe ba, ba ofishi ba. Mutum, wanda in na kira zai ce, "Ni ne, maganar tana hannuna."

Kafin in rufe

Wataƙila kana mamakin mutum ya keta jihohi a kan kwamfutar da ba tasa ba. Lokacin da na zo Fatakwal, da jaka ɗaya na sauka. Ba mai ba ni hayar ko rumfa, don ba wanda ya san ubana. Wannan dattijon da ya zama surukina ya dube ni a masallaci, ya yi mini 'yan tambayoyi, ya je wurin mai shago ya ce ya tsaya mini. Daga baya ya ba ni 'yarsa. Tun da nake da shi bai taɓa neman komai a wurina ba sai wannan karon, kuma tun da abin ya faru ko kallon banza bai yi mini ba. Wallahi da faɗa ya yi mini da ya fi mini sauƙi.

Ranar Juma'ar da ta wuce, bayan an sauko, ya sa aka kira ni zaure. Dattawan nan biyu suna nan. Ya ce, "Malam Nafi'u, ka yi ƙoƙari, mun ga zirga-zirgar da ka yi. Sana'arka tana shan wahala. Na sauke maka lamunin. Gobe Zulai za ta mayar maka da kayanka, ni zan saya mata wata."

Wanda bai san kara ba zai ce an yi mini rahama, kuma Baba da tausayi ya faɗa. Amma na zauna cikin mutanen nan na ga yadda abin yake. Wanda aka sauke wa lamuni ba a zaginsa, ana gaisawa da shi, ana cin abinci da shi. Sai dai ba a ƙara tambayarsa. In ana magana mai nauyi, sai a tsallake shi a dubi na kusa da shi.

Ban taɓa musa wa surukina ba, ko a kan gishirin miya. Ranar na ji bakina yana cewa, "Baba, a yi mini haƙuri, a bar ta a wurinta. Ban sauka ba."

Baba ya ɗago ya dube ni sosai, abin da bai saba yi ba, sannan ya juya wurin abokansa ya ce, "Kun ji. Bai sauka ba." Na ga murmushi a gefen bakinsa. Na fito raina fari tas.

Allah Ya ƙara wa kasuwarka albarka, Ya kare kayanka a ruwa da tudu, Ya ba ka ma'aikata masu amana, Ya raba ka da jin kunya a gaban wanda kake ganin girmansa. Ni dai ga ni nan a tsaye a kan kayanku, gaban shaidu, ba tare da kun aike ni ba. Ka taso ka karɓe ni, ranka ya daɗe, ƙafata ta fara gajiya.

Wassalam.

Naka mai fatan alheri,
Nafi'u mai katin biki,
Trans-Amadi, Fatakwal.